Yadda Awaki Suka Ta Da Ganuwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta iso mu sha labari.

Ruwan sama ya rushe ganuwar garin awaki, Kura ta dinga shigowa tana ɗauke musu 'ya'ya. Tsohuwar Akuya ta tara jama'a ta ce, "Kowa ya gina wajen da ke daura da gidansa."

Ana cikin kwaɓa ƙasa, Kura ta leƙo tana dariya. "Wannan ginin, ko ƙadangare ya hau sai ya zube!"

Wata akuya mai jego ta ce, "Inna, mu gudu!"

Tsohuwa ta ce, "Da jarirai? Bunsuraye, ku juya ƙaho waje. Mu kuma, a miƙo tubali!"

Ba su tsaya ba sai da ganuwa ta haɗe. Kura ta daka tsalle, ta faɗo ta baya, ƙugu ya goce. Har yau jansa take yi.

Ƙurunƙus, na sauke ta a kan ɓera!