Tafkin Tayil na Kwaɗin Yaya

An yi wani mai sa tayil da Allah ya ba shi hannu. In ya shimfiɗa tayil a ɗaki, ko reza ba ta samun wurin shiga tsakani. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ba ya santsi da sheƙi, a wurinsa shirme ne, kuma shi ba ya tambaya.

Yayarsa kiwon kwaɗi take yi a bayan gida. Kada ku yi dariya! Su ke cinye mata ƙwarin ɗan lambunta, su ke ɗebe mata kewa tun da idonta ya fara hazo. A wani tsohon baho na siminti take hayayyafa su, gansakuka ta rufe shi, ga wani karyayyen bulo a jingine ciki, rabinsa a ruwa rabinsa a waje. Tsofaffin kwaɗin sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen ta zuba ƙwai, dogon zare mai ɗigon baƙi, sannan ita ma ta mutu. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe su kaɗai suka rage wa Yaya.

Da za a yi mata aikin ido, ta kira shi. "Ƙanena, ga amana. Zan yi wata guda da 'yan kwanaki a gidan 'yata. Ka riƙa jefa musu dafaffen ganye da safe. Sauran kome ka bar shi yadda ka gan shi."

"Haba Yaya! Ni da na yi aiki a manyan gidaje, kwaɗi ne za su gagare ni?"

Kullum da la'asar sai ya zauna bakin bahon. Gajimare na tafiya a fuskar ruwan, 'yan baƙaƙen halittun nan masu wutsiya suna iyo ta cikinsa a hankali, har mutum ya manta ko sama yake kallo ko ƙasa. Nan tunani ya ɗauke shi. Ya hango Yaya ta buɗe sabon ido, ba a kan wannan ƙazamin baho ba, a kan tafki shuɗi mai ɗaukar ido, tana sa masa albarka. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai.

Bai yi wata-wata ba. Ya kwaso ragowar shuɗin tayil, ya gina ɗan tafki mai miƙaƙƙen bango, sumul kamar faranti. Ya kwashe 'ya'yan kwaɗin ya zuba ciki. Bulon kuwa ya yi wurgi da shi a bola.

Suka yi ta girma. Ƙafafun baya suka fito, na gaba suka biyo, wutsiya ta fara shanyewa. Wata safiya ya tarar sun jeru jikin bangon, suna dafawa suna zamewa, suna dafawa suna zamewa. Ya yi dariya ya ce, "Ji 'yan banza, har sun san aiki mai kyau!" Ya kama hanya ya tafi wani aiki na kwana biyu.

Ranar da ya dawo, ranar aka kawo Yaya, idonta tarwai. Ko zama ba ta yi ba ta wuce bayan gida, yana biye da ita yana murmushi. Ruwan ya kwanta shiru. 'Ya'yan kwaɗin duk sun taso samansa, cikinsu fari a sama, ba mai motsi.

"Ina bulon?" in ji ta.

"Na yar, Yaya. Muni ya yi."

"Wayyo ƙanena. Matakalarsu ce. Ɗan kwaɗo in wutsiya ta tafi, zaman ruwa ya ƙare masa, iska yake nema. In bai sami abin hawa ba, a ruwan da aka haife shi zai nutse."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ta durƙusa ta ɗauko guda a tafin hannunta, bai fi ɗan yatsa ba, ta daɗe tana dubansa.

"Shekara uku ina roƙon Allah in gan su sosai," ta ce. "To, na gan su."

Darasin a nan shi ne, gwaninta a sana'arka ba ta mai da kai gwani a ta wani. In an ba ka amana ka ga wani abu da bai yi maka kyau ba, tambayi mai shi kafin ka taɓa, domin matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa abin da ka raina shi ne ran wani yake rataye da shi.