Aron Baki a Gangaren Ɗinya

Tun ƙasar nan tana kurmi, giwa tana kiwo inda kasuwarmu take ci yanzu, wani maharbi Shekarau ya sauka gindin wata ɗinya da matarsa Yalwa. Ana yi masa kirari da baƙin gwanki, mai sa kura ta kauce hanya. Tsofaffi sun ce kibiyarsa takan bi nama ko da ya sha kwana. Ni ban gani ba, amma ban isa in ƙaryata su ba. Mutane suka yi ta zuwa suna kafa bukkoki, har wuri ya zama gari.

Wata shekara, ana gab da girbi, mahara suka ɓullo daga gabas. Shekarau ya tara mazan gari suka tare su can nesa a mashigin rafi. An kore su, hatsi ya tsira, mata da yara suka tsira. Amma da yawa ba su dawo ba. Can aka binne su cikin gaggawa, ambaliya ta zo ta shafe kaburburan. Cikinsu har da ɗan farin Yalwa.

Shekarau ya sa aka kafa wa kowane mamaci dutse a gindin ɗinyar. Ya tara jama'a, ya ce kowace mace ta dafa dutsen nata ta faɗi sunansa, domin 'yan baya su sani. Gwanin daji ne, amma nan ya yi ragon azanci. Waɗanda suka faɗi a yaƙin yawancinsu 'ya'yan fari ne da mazan aure, a wajenmu kuwa uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, mace ba ta faɗar sunan miji. Mata suka tsaya kai a sunkuye. Wannan ta ce "yaron nan," waccan ta ce "maigida." Shi kansa Shekarau da ya zo kan dutsen ɗansa, baki ya yi masa nauyi.

Yalwa ta ga in aka watse a haka, kafin jikoki su girma sunayen sun ɓace. Ta dubi maƙwabciyarta ta ce, "Tasalla, ara mini bakinki in ara miki nawa. Ai ba ni na haifi naki ba."

Ta dafa dutsen ɗan Tasalla ta ce, "Wannan Nomau ne, wanda ya tsare mashigi har numfashinsa ya ƙare. Mun gode, Allah ya jiƙansa."

Tasalla ta taka zuwa ɗaya dutsen ta ce, "Wannan Dogara ne, ɗan Yalwa. Albarkacinsa muke cin tuwo a gidajenmu."

Sai a lokacin Yalwa ta yi kuka. An ce inda hawayenta ya zuba nan ruwa ya tsattsafo, shi ne rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba. Haka mata suka yi ta musayar baki har kowane dutse ya sami sunansa.

Har yau, bayan girbi, mukan taru a Gangaren Ɗinya mu yi Aron Baki. Duwatsu sun ƙaru, domin 'ya'yanmu suna shiga soja, ba kuma duka ke dawowa ba. Bara aka kafa na yayana, ɗan farin innarmu. Maƙwabciyarta ta dafa dutsen ta ce, "Wannan Barau ne, mun gode." Inna ta riƙe hannun matar nan, ba ta sake shi ba har gida.