Saniyar da Ba Ta Sha Maɗaci Ba

An ce, kuma haka muka tarar a rubuce a littattafan mutanen da, a birnin Dargaza an yi wani sarki, Zailani, mai garken shanu da ido ba ya ganin ƙarshensa. Makiyayinsa wani tsoho ne, Jauro Gide, shekara arba'in yana bin bayan shanun nan.

Wata damina shanu suka soma lalacewa. Suna ci suna ramewa, ga zawo, ga kumburi a ƙarƙashin haɓa. Jauro ya gane tsutsar ciki ce. Ya sassaƙo ɓawon maɗaci, ya daka, ya jiƙa da 'yar jar kanwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu da ƙaho. Kwana biyu sai ga tsutsa jingim a cikin kashinsu.

Waziri Gwadabe, wanda saninsa da saniya bai wuce ƙwaryar nono ba, ya je ya gani, ya toshe hanci, ya dawo fada. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba mu taɓa ganin tsutsa ba sai da tsohon nan ya ɗura musu ruwansa. Shi ya zuba musu ita."

Sarki ya fusata, ya sa aka ɗaure Jauro, ya ce jibi za a sare shi a bakin kasuwa.

An ce a ranar wani falken shanu, Baharu, ya sauka a garin. Da ya ji labarin, ya tafi fada ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in an yarje mini, kaina zan tona wa asiri. A da ina da wa, Ɗanliti, shi ke yi mini kiwo. Ya ba shanuna maɗaci, na ga tsutsa, na ce hassada ce, a gaban mutane na faɗa masa. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Bayan tafiyarsa na sayo wani sa wanda bai taɓa ɗanɗana maganin ba, ya kasa, aka yanka, hanjinsa cike da ita. Ashe korarta maɗaci yake yi. Shekara bakwai ina neman yayana, da na same shi kabari aka nuna mini."

Sarki ya ce, "Me kake gani?"

"A yanka wadda ba ta sha ba, Zaki, a duba hanjinta."

Aka kawo Jauro da mari a ƙafa. Sarki ya ce, "Tsoho, akwai wadda ba ta sha ba?"

Jauro ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai ɗaya, ranka ya daɗe. Fure. Ita kaɗai ce tawa. Da na Sarki na fara, magani ya ƙare ban kai kanta ba. Marigayiya matata ce ta raine ta tun tana maraƙa. In da wata hanya, Zaki..."

Babu wata hanya. Mahauta suka shiga garke da igiya, Fure ta ƙi kamuwa, har rana ta take. Dole aka ce Jauro ya kira ta. Ni kaina nan ne labarin yake yi mini nauyi a baki. Tsohon ya ɗaga murya sau ɗaya, ta taho da gudu, ta sa kanta a ƙirjinsa.

Da aka yanka ta aka feɗe, tsutsa ta fi wadda aka gani a kashin sauran. Sarki ya kwance Jauro da hannunsa, ya nemi gafara, ya ba shi karsana ashirin da riga, ya tuɓe Waziri. Baharu kuwa aka ba shi mazauni a fada, ya zama mai ba da shawara.

Masu littafi suka ce, wanda ya ga cuta ta fito, ya tambayi inda take kwance kafin ya kama wanda ya koro ta. Jauro ya koma kiwo, shanun Sarki suka murmure, nasa suka hayayyafa. Amma har ya koma ga Allah, bai ƙara sa wa saniya suna ba.