Motar Mahadi Da Ba Ta Maƙalewa

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Gusau mai suna Mahadi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin kirki ne, hannunsa a sake yake. Ciwonsa ɗaya ne: yana son a ce. Kana yabonsa za ka ga kansa na tashi kamar ƙullin da aka zuba wa yis.

Mahaifiyarsa, Inna Saude, tana zaune a wani ƙauye can bayan Rawayya tare da ƙanensa Yazid, manomi, da matar Yazid ɗin, Nusaiba. Tsakanin ƙauyen da titi akwai wata fadama. Da rani ko keke zai wuce. Amma da damina ta zauna, laka ke mulkin wurin, sai dai babur ya lallaɓa ta gefen gonaki.

Mahadi yana da jif, irin wadda ƙafafun baya kawai ke ja. Fadamar nan ta sha kunyata shi gaban mutanen ƙauye. Ranar da abin ya ishe shi, ya kai ta garejin Isma'ila makanike, ya ce a ɗaga ta sama, kuma a mayar da ita fowil, wato ƙafafun nan huɗu duk su riƙa ja.

Isma'ila ya ce, "Alhaji, aiki biyu ne fa. Ɗagawa ba wuya, sifirin da shokozoba na ƙasanta ne za a canza, a sa manyan tayu. Fowil kuwa sai an sauke giyabos an sa wani, an sa aksil na gaba da farfela. Kayan sai na sa an nemo daga Kano."

"To, fara da ɗagawar. In kayan sun iso sai na maido ta."

Aka ɗaga mota. Kai, jama'a! Ta yi kyau, ta yi tsaye kamar ingarma. Mahadi ya shige ta ya nufi kasuwar Tsafe sayen masara, 'yan'uwansa 'yan hatsi suka yanyame ta, wannan ya daki taya, wancan ya leƙa ƙasa.

Wani ya ce, "Alhaji, wagga ai tankar yaƙi ce! Har an gama fowil ɗin ke nan?"

Da ya ce saura kaɗan, wa zai kama shi? Amma daɗin yabo ya ɗebe shi. Ya gyara hula ya ce, "An gama."

Shi ke nan fa, magana zarar bunu. Kafin a jima labari ya kai Kucheri, ya kai Bungudu, ya kai ƙauyensu: motar Mahadi ba ta maƙalewa. Da ya je gaisuwar Sallah, Inna Saude ta fito har ƙofar gida ta shafa jikin motar ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ko cikin damina ina da mai zuwa gare ni."

Mahadi ya yi dariya kawai.

Kaya suka iso daga Kano. Isma'ila ya kira shi ya ce a kawo mota, aikin zai ɗan ɗauki lokaci don sai an buɗe cikinta gaba ɗaya. To ga matsalar: garejin a bakin titi yake, daidai inda 'yan hatsi ke wucewa safe da yamma. In suka ga motar a kan jak, ciki a buɗe, me zai ce musu? Wanda ya ce an gama?

Sai ya shiga jan ƙafa. Yau ya ce yana da tafiya, gobe ya ce bari a wuce bikin wane. Isma'ila ya gaji da kira, ya tura kayan ƙarƙashin benci ya rufe da buhu. Wallahi abin nan yana ba ni haushi. Kaya na nan, makanike na nan, kunyar 'yan kasuwa ce kawai ta hana mutum.

Damina ta sauka, ta yi ƙarfi.

Wata safiya yana rumfarsa ana auna dawa, wayarsa ta yi ƙara. Inna ce.

"Mahadi, kububuwa ta sari ƙanenka jiya da marece ga gona. Mun yi na gida, bai ji ba. Ƙafa ta kumbura har cinya, yanzu jini ke fita ta dasashinsa."

"Inna lillahi! Inna, sai asibiti, nan Gusau ake da allurar kashe dafin."

"Awo, haka kowa ya ce. Ga Muktar mai kabu-kabu nan tsaye da babur, ya ce a ɗaura mai shi a baya da zane, ya bi da shi ta gefen gonaki har titi. Amma yaron ko zama da ƙyar yake yi. Na ce mi zai sa a wahal da shi, ga motarka da ba ta maƙalewa. Za ta shigo, ko?"

Mahadi ya ɗaga kai. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas. Ya san abin da ke ƙarƙashin motarsa, ya kuma san abin da babu. Masu awo biyu sun tsaya da kwano a hannu suna sauraronsa.

Ya ce, "Za ta shigo, Inna. Ku sallami Muktar, ga ni nan."

Ya yi gudun da bai taɓa yi ba. A hanya yana ta lallashin zuciyarsa: ai ta yi tsawo, ai tayun manya ne, ai Allah na nan. Da ya iso fadama ya taka wuta ya afka, motar ta yi ta wutsil-wutsil da gindi, da ƙyar da jiɓin goshi ta haye. Mutanen ƙauye suka yi kabbara. Muktar kuwa tuni ya samu fasinja ya tafi Bungudu.

Ana cikin kwantar da Yazid a kujerar baya, sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Nusaiba ta shiga ta ɗora kan mijinta a cinya, Inna ta tsaya cikin ruwan tana ɗaga hannu tana addu'a.

Suna kaiwa tsakiyar fadama motar ta nutse.

Mahadi ya taka, ƙafafun baya suka yi ta juyi suna watsa laka, suna ƙara tona wa kansu rami. Na gaba kuwa ko motsi. Ya sa ribas, ya sa giya ɗaya, ya sake takawa har hayaƙi ya tashi. Manyan tayun nan da ake yabo su suka haƙa har cikin motar ya zauna daɓas a kan laka.

Ya ɗaga waya, babu sabis. Nusaiba ta cire takalmi ta ce bari ta koma ta kira maza su zo da shanun huɗa. Ta fita da gudu cikin ruwa, aka bar Mahadi da ƙanensa su kaɗai.

Daga baya Yazid ya yi magana a hankali, bakinsa jina-jina.

"Yaya, sa fowil ɗin mana."

Mahadi ya riƙe sitiyari, ya kasa juyowa.

"Yaya?"

"Babu shi, Yazid. Ba a sa ba. Ɗaga ta kawai aka yi."

Mahadi ya so a ce ƙanensa ya zage shi, ya tsine masa, ko me. Yazid bai yi ko ɗaya ba. Numfashi ya ja ya ce, "Har an fara ɗaura ni ga babur, ka sani. Ni na ce a kwance ni. Na ce Yaya na tafe."

Mahadi ya fashe da kuka irin na yara. Ya fita ya durƙusa cikin laka yana tona ƙarƙashin taya da hannu, da babbar rigarsa da komai, har farcensa ya fita bai ji ba.

Maza suka iso da shanu da igiya. Aka ɗaura, aka ja, igiya ta tsinke. Aka ƙulla, aka sake ja, shanu suka durƙushe, mota ko gezau. Da aka ga rana na tafiya a banza, aka ciro ƙyauren wani ɗaki aka kwantar da Yazid a kai, aka ɗauke shi a kafaɗa cikin ruwa har gwiwa. Kafin su kai titi la'asar ta wuce. Wata motar itace ta tsaya ta ɗauke su.

Ana hango gidajen farko na Gusau, Yazid ya yi salati a kan ƙafar yayansa, ya cika.

A zaman makoki babu wanda ya zargi Mahadi. Ina ma an zarge shi! Duk wanda ya zo gaisuwa magana ɗaya yake yi: "Kwana ne ya ƙare. Motar Alhaji fa, wadda ba ta maƙalewa, ita ce ta maƙale. Wannan ai daga Allah ne." Shi kuwa yana zaune kan tabarma, kai a sunkuye, kowace gaisuwa kamar ana zuba masa garwashi.

Da aka watse, Inna Saude ta aika a kira shi cikin ɗaki. Ta ga hannayensa duk sun farfashe. Ta riƙe su tana hawaye ta ce, "An gaya mani yadda ka tona laka da hannu saboda ɗan'uwanka. Ka bar kuka haka nan. Ka yi iyakar abin da ɗa zai yi, ba ka rage komi ba. Na yafe maka duniya da lahira. Allah shi ba ka masu yi maka yadda ka yi mai."

Matan da ke ɗakin duk suka ce amin.

Mahadi ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fita.

Darasi: Kada ka bari mutane su jingina da abin da kai ka san babu shi. Ƙaryar da ka yi don a yabe ka a kasuwa, wata rana wani zai ɗora ransa a kanta, kuma sau da yawa naka ne na jiki. "Ban gama ba" da "ba zan iya ba" ba abin kunya ba ne; kunyar minti ɗaya ta fi da-na-sanin da za ka mutu da shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda aikinsa ke ƙarƙashin benci yana cewa an gama. Allah Ya raba mu da son a sani.