Soso Ɗaya a Gidan Inna

Inna Mai Reno mace ce mai son yara, sai dai akwai ta da kafiya. In ta ce haka za a yi, to an rufe magana. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka yi nisa, shirun gidan ya ishe ta, shi ya sa ta mayar da falonta wurin renon yaran ma'aikata. Da yamma in iyaye sun kwashe 'ya'yansu, ba ta da abokin hira sai wani kunkuru da marigayin ya bari. Auta take ce masa.

Auta ba shi da shamaki. A tabarmar da jarirai ke rarrafe yake yawo, kuma da soso ɗaya Inna take wanke kwanonsa da kofunan yara.

Wata rana uwar wata jaririya, ma'aikaciyar jinya, ta same ta a bakin famfo.

"Inna, don Allah ki raba musu soso, ki yi masa keji a tsakar gida. Kunkuru kan ɗauki ƙwayar cuta alhali lafiyarsa ƙalau."

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa tsafta? Auta ya fi wasu mutanen wanka."

Ba a jima ba gudawa da zazzaɓi suka kama yaran. Jaririyar nan sai da aka kwantar da ita asibiti ana ƙara mata ruwa. Allah ya yi da sauran kwananta, ta warke.

Cikin iyayen babu wanda ya yi wa Inna faɗa, suna ganin girmanta. Daina zuwa kawai suka yi, ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta sa kafinta ya yi keji. Ta sayi sabon soso, ta ajiye sabulun wanke hannu a bakin ƙofa. Kullum da safe takan shimfiɗa tabarma, ta jera kofuna, ta buɗe ƙofa ta zauna. Duk ƙarar babur da ta ji sai ta ɗaga kai, ko an kawo yaro ne. Kaɗaicin da ta guje wa ya dawo, ya fi na da ciwo.

"Ba laifinka ba ne, Auta," ta ce. "Nawa ne."

Kunkurun ya mayar da kansa cikin ƙoƙon bayansa, ya bar ta ita kaɗai.

Darasi a nan shi ne, duk mai riƙon amanar 'ya'yan mutane ya ware wa dabba wurinta da kwanonta da sosonta, a kuma wanke hannu bayan an taɓa ta. In an ba ka shawara ka karɓa tun yaran suna gidanka, domin iyaye sukan yafe, amma da wuya su sake kawo ɗansu.