Hukuncin Baba Mamuda Kan Ƙwaƙwalwar Akori-kura

An ce wai a garejin Funtuwa an yi wani sarkin makanikai, Baba Mamuda, wanda ba ya yanke magana sai ya ga abu da idonsa. Ni ban taɓa ganinsa ba. Daga bakin maigidana Ladan na ji, Allah Ya jiƙansa, domin a kansa abin ya faru.

Ladan mai gyaran wayoyin wutar mota ne. Wata rana Alhaji Tukur, mai fataucin albasa, ya kawo masa akori-kura. Tun da ƙaninsa Sahabi ya dawo da ita daga kudu take fizga, ta maƙale a giya ta biyu. Ladan ya ciro ƙwaƙwalwar motar, ɗan akwatin nan da ke gaya wa inji da giyabos abin da za su yi, ya goge, ya mayar. Ba ta daina ba.

Sai Sahabi ya ce wa yayansa ai Ladan ya sace ta asali, ya sa masa ta bola. Dokar garejin kuwa, wanda aka kama da sata a rushe rumfarsa, a fitar masa da akwatin kayan aiki bakin ƙofa, kuma babu garejin da zai sake karɓarsa a garin. Har an fara kwance masa kwanon rumfa.

Baba Mamuda ya ce a dakata. Ya aika aka nemo wata mota irinta, shekararsu ɗaya, wadda ba a taɓa sauke mata komai ba. Ya sa aka musanya ƙwaƙwalwar motocin biyu a gaban kowa. Baƙuwar motar ta ɗauki wadda ake zargi, ta zagaya gari lafiya lau. Ta Alhaji ta ɗauki mai lafiyar, ta ci gaba da fizga.

Tsohon ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashin motar da kansa, ya daɗe. Da ya fito ya ce:

“Alhaji, ƙwaƙwalwarka ita ce wadda motarka ta zo da ita, lambarta da ta inji ɗaya ce. Giyabos ɗin ne baƙo. Naka mai giya biyar ne, wannan huɗu ne, an goge masa lamba da dutsen washi. Ƙwaƙwalwar tana kiran giya ta biyar, babu mai amsawa. Wa ya kwana uku da motar nan ba a gabanka ba?”

Alhaji ya juya ya dubi ƙaninsa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sahabi ya ce, “Yaya, bari in yi maka bayani.” Ashe a hanya ya sayar da giyabos ɗin, aka ɗaura masa tsoho.

Alhaji ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, cikin baƙin mai. Da ya samu ya tashi, bai kalli kowa ba. Ya karɓi guduma, ya hau ya mayar wa Ladan kwanon rumfarsa da hannunsa.

Hannun da ya taɓa abu a ƙarshe ba lallai shi ya ɓata shi ba. A gwada kafin a rushe wa mutum rumfa.