Ganye Mai Kunne Uku

Ƙawata Bushira, matso ki ji wagga magana.

Akwai wata mata a Jandutsi, ana ce mata Gudiya. Gwanar ɗinkin hannu ce. A wurinta ake ajiye koren mayafin da ake lulluɓa wa makara in an yi rasuwa a unguwa. Ita ke wanke shi, ta ninke, ta sa a akwati.

Ɗanta Kamaluddeen yana aikin jinya a ƙasar Ailan. Wata rana ya kira ta, sai ɗiyarsa Rahma ta ƙwace wayar.

"Kaka! Akwai ranar da kowa ke sa kore a nan, ana maƙala ganye mai kunne uku a ƙirji. Na kowa na kanti ne. Ni naki nike so."

"Ja'ira! Ko gaisuwa babu, sai aiki?"

Wani abokin Kamaluddeen zai koma Ailan washegari da safe daga Aliero, shi za a ba saƙon. Gudiya ta birkice ɗaki, ba ta samu ƙyalle kore ba. Sai idonta ya faɗa kan akwatin.

Ba ta warware mayafin ba. A ninke ta kama kusurwa ɗaya ta datse da almakashi, tana zaton gefe ne. Ta ce a ranta, "Ranar kasuwar Jega in sayo yadi in cike. Wa zai mutu kahin nan?"

Ta ɗinke ganyen, har da ɗan siririn kara. Ya yi kyau ƙwarai. Aka tafi da shi.

Kasuwa ba ta ci ba, mijinta Malam Alu ya faɗi a gonar albasa da hantsi. Kafin azahar an yi masa sutura.

Da aka warware mayafin bisa makara, sai ga rami a tsakiya. Daidai ƙirjinsa. Farin likkafani na leƙowa.

Liman ya ce, "Subhanallahi. Mi ya samu mayafinga?"

Wani ya ce, "Ɓera ne, Malam."

Ƙanin mamacin ya shafa bakin ramin da yatsa. "Ɓeran da ke da almakashi?"

Gudiya na bayan zana tana ji. Haka aka fita da mijinta, ƙirji a buɗe.

Tana cikin takaba hoton Rahma ya iso, tana dariya, ganyen na maƙale a ƙirjinta. Gudiya ta kife wayar.

Ta cike ramin daga baya, amma koren bai zo ɗaya ba. Har yau in an ɗauko gawa, mata na ganin facin daga nesa. Ita kuwa ta daina leƙawa.

Darasi: Amana ba ta da gefen da ake gutsura, kuma mutuwa ba ta jiran ranar kasuwa. Ki isar da wannan ga 'yan uwa mata. Amma sunanta, don girman Allah, kada ki faɗa wa kowa.